Titin Baffa da Waken Inna

Baffanmu, yayan mahaifina, sau ɗaya tak ya taɓa bin babban titin da ya ratsa garinmu daga wancan baki zuwa wannan, amma har yau kunnuwanmu ba su huta ba. Tafiyar ma ba da niyya ya yi ta ba. Yana saurayi ya je Sakkwato gaida wani ɗan'uwa, ya hau bayan motar albasa zai dawo gida, iska ta kaɗa shi ya ɓingire kan buhuna, bai farka ba sai da aka fara sauke kaya a Zariya. Da wani ne da ya ɓoye wannan abin kunya har kabarinsa. Shi kuwa Baffa sai ya mai da shi sarauta. Ko gaisuwar mutuwa aka je, da ya ga mutane sun yi shiru zai gyara zama ya fara jero garuruwa yana lanƙwasa yatsu: "Sakkwato, Mahwara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Kwatarkwashi, Tsahe, 'Yankara, Huntuwa, Zariya. Duk na taka su. Titin ga ni da shi ba mu 'yar haka." Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda mai barci yake taka gari, domin babba ne.

Garinmu yana tsakanin Gusau da Bunguɗu. Asalinsa can ciki yake, kusa da rafi, inda akwai inuwar tsamiya da ƙasa mai kyau. A hankali mutane suka riƙa jan jiki suna matsowa bakin kwalta, har tsohon garin ya koma kufai. Gidanmu dama a kusa da titi yake, don haka Baffa bai sha wahalar ƙaura ba. Bayan rasuwar mahaifina, da gida ya koma hannunsa, abin da ya fara yi shi ne toshe ƙofar zaure da ke kallon gona, ya huda wata tana kallon titi. Ya dasa benci a gindin dogonyaro, nan ne ofishinsa. Kowace mota ta gifta sai ya ɗaga mata hannu, tirela ce ko tanka ko motar wani mai kuɗi da baƙin gilashi. In direba ya danna hon don akuya ta kauce, Baffa zai juyo ya dube mu ya ce, "Kun ji ko? Ya gane ni."

Ni dai abin da na ga titin nan ya kawo mana shi ne ledar ruwa, da gwangwani, da ɓawon rake da matafiya ke tofowa ta taga, sai gawar kaji da ta awaki. Ban taɓa ganin wata mota ta tsaya don mu ba sai in ta lalace. Duk da haka mutanen garinmu sun ɗauki titi kamar wani surukin arziki da ake jiran ranar da zai buɗe jaka. Da suka ga bai buɗe ba, sai suka ce to bari a sa shi aiki. In kaka ta yi, maimakon a kai wake masussuka a buge shi da sanda, sai a kwaso shi da ɓawonsa a shimfiɗa a kan kwalta, a koma inuwa a zauna ana hira, motoci su yi ta bi ta kai. Da la'asar a fito da tsintsiya a share, a haɗa da tsakuwa da baƙin mai da duk abin da taya ta kwaso daga wata jihar. Direbobi na zagi, masu wake na dariya, kowa yana ganin shi ya ci riba. Baƙon da ya ci shinkafa da wake a garinmu da kaka, in bai iya tauna a hankali ba, da ciwon haƙori yake komawa gida. Baffa ya ce shi ya kawo wannan dabara daga tafiyarsa, ko da yake duk ƙauyen da ke bakin titi haka suke yi.

Mutum ɗaya ce a gidanmu ba ta taɓa kai ko ƙwaya bakin kwalta ba, ita ce Inna, mahaifiyata. 'Yar garin Rawayya ce. Ranar da aka kawo ta gidan miji, cikin kayanta akwai wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Mahaifiyarta ce ta saka mata, kuma irin wake ne a ciki, cakuɗe da toka. Waken ƙanana ne, ja-ja, da ɗigo-ɗigo irin na ƙwan zabuwa. A gidanmu ɗan Rawayya muke ce masa. Ba ya cika buhu kamar farin wake, kuma a kasuwa ba a kallonsa. Amma kafin tuwo ya gama sulala ya nuna tuɓus, ga garɗi, ga shi ba ya kumbura ciki. Babban tinƙahon Inna a duniya shi ne ba ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ba. In ta ga maƙwabciya na neman kanwa sai ta taɓe baki ta ce, "Wake in na ƙwarai na, mi za shi yi da kanwa?"

A gayaunarta da ke bayan gida take shuka shi duk shekara, ba ta haɗa shi da wani wake ko a kusa. In an yi roro takan zauna ta tsince kwanson da suka fi tsawo da cika, ta zuba a buhu daban, ta ɗaure bakinsa da wani jan ƙyalle da ta yaga daga tsohon ɗankwalinta. Wannan shi ne iri. Na ci ana buga shi da sanda a tsakar gida, amma na iri da yatsu take ɓare shi, kwanso bayan kwanso, ta gauraya da toka mai sanyi, ta cika tulun nan ta liƙe. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, kayan ɗakin da aka kawo ta da su duk sun fashe ko an rabar. Tulun nan da abin da ke cikinsa su kaɗai suka rage mata daga gidansu.

Shekarar da abin ya faru ina aure a Gusau, ƙanwata kuma tana aure a Tsafe da tsohon ciki. Haihuwa ta zo mata kafin lokacin da ake zato, Inna ta gama roro ke nan ba ta kai ga bugu ba. Ta jera buhunanta a ɗakin ajiya, mai jan ƙyalle a can ƙurya, ta ja ƙofa. Kafin ta hau mota sai da ta tsaya gaban bencin Baffa ta durƙusa ta ce, "Malam, ga wakena nan ɗaki. A bar min shi yadda na aje, in na komo ni buge abina." Matar Baffa ta ba ni labarin cewa ko kallonta bai yi sosai ba, don wata gingimari na tahowa yana shirin ɗaga hannu. Ya dai ce, "Tahi abinki, Allah shi raya."

Inna ta zauna a Tsafe tana yi wa ƙanwata wankan jego. Da za ta dawo na je na ga jariri, muka taho tare. Hanyar nan ta Tsafe zuwa Gusau na san ta kamar tafin hannuna, da ramukanta da shingayenta, da masu tallar da ke cusa maka faranti ta taga ko ba ka tambaya ba. Direbanmu irin waɗanda suke ganin burki ado ne. An cusa mu a baya kamar buhunan gawayi, Inna tana rungume da ƙullin tsarabarta, tana ta lissafa min aikin da ke jiranta. Da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi muka bi ta kan wake da wasu suka shimfiɗa, ya yi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinmu. Direba ya leƙa ya ɗura musu ashar. Inna ta girgiza kai ta ce, "Kai, lalaci bai yi ba. Abincinka ka ba taya ta tauna maka?"

A tashar Gusau muka sake mota. Rana ta take sosai lokacin da muka doshi garinmu, kwalta har wani ƙyalli take yi don zafi. Tun daga nesa na hango dogonyaro, na hango Baffa tsaye da sanda a hannu yana nuna wa motoci inda za su bi, kamar wani ne ya ba shi aikin. A gabansa titi ya yi ja. Ni ban gane ba, na ɗauka barkono wani ya shanya. Inna ce na ji ta damƙi cinyata har sai da na yi ƙara. Direba bai rage gudu ba sai da tayoyinsa suka hau kai, muka ji ƙaras-ƙaras ɗin nan a ƙarƙashin kujerarmu, sannan ya taka burki don mu sauka. Ƙafar Inna ta farko a kan wakenta ta sauka. Gefe guda ga buhuna a yashe babu komai a ciki, ga jan ƙyallen ɗankwalinta a tsakiyar titi, taya ta liƙe shi da kwalta ya yi baƙi.

Baffa ya taho da fara'arsa har kunne. "Maraba da mutanen Tsahe! Kin ga aiki ko? Tun shekaranjiya nika hidda shi. Abin da za ki yi wata kina ɓarewa da yatsa, ga shi titi ya gama maki. Tanka nawa sunka bi ta kai, ba su ƙirguwa."

Inna ta sunkuya ta ɗebo cikin tafin hannu. Rabi ya ɓarje kamar za a yi ƙosai, sauran kuma da zafinsa kamar an sauke daga tanda. Ta ɗago ta ce, "Malam, har da na iri?"

"Wane na iri? Wake ai wake na. Duk ɗaya na haɗa."

"Mai jan ƙyalle. Na ce a bar min shi."

"To, ba ga shi nan ba? Wa ya ɗauki ko ƙwaya? Ku mata ba ku san ci gaba ba."

Na buɗe baki na ce, "Baffa, wa ya aike ka?" Inna ta juyo ta watsa min wani kallo, dole na haɗiye sauran. A gidanmu babba ba ya laifi, ko da ya ƙone rumbu sai dai a ce wuta ce ba ta da kunya. Haka muka ɗauki tsintsiya ni da ita muna share titi, muna gudu gefe duk lokacin da mota ta taho, Baffa yana tsaye yana ɗaga musu hannu.

Inna ba ta yarda an ci ta da yaƙi ba. Kwana da kwanaki tana zaune da faifai tana tsince ƙwayoyin da ba su fashe ba, tana ɗaga kowace a rana tana dubawa, har ta tara abin da ya kai rabin tulu. Ta zuba toka ta liƙe. Amma hankalinta bai kwanta ba, don haka da rani ta sa na raka ta Rawayya neman wani. Muka bi gidajen danginta ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan 'yan'uwanta duk sun koma waken suya da farin wake mai tafiya a kasuwa. Wani ma dariya ya yi ya ce, "Gwaggo, wa ka shibka wannan yanzu?" Wata tsohuwa ƙawar kakata ce kaɗai ta gane abin da muke nema. Ta ce rabonta da ganinsa tun kafin idonta ya fara hazo, ta ɗauka ma a hannun Inna za ta samu. Muka dawo da tsarabar daddawa da kuka.

Damina ta faɗi, Inna ta fasa bakin tulu ta shuka. Ta riƙa zuwa gayauna safe da yamma tana leƙen ramuka. Geron maƙwabta ya tsiro, ciyawa ta tsiro, wakenta shiru. Da ta tona sai ta tarar ya ruɓe a ƙasa. Kwalta ta gasa shi, taya kuma ta kashe shi daga ciki ko da bai fashe a ido ba. Baffa da ya ji labari cewa ya yi ƙasar gayaunar ce ta gaji, kuma shi dama ya daɗe yana faɗa.

Ana nan sai ga Inna ta kira ni a waya, muryarta kamar ta yarinya. Ta ce in zo in gani. Na hau mota na je. Ta kama hannuna ta kai ni bakin titi, ƙasa da bencin Baffa kaɗan, inda ruwa ke gangarawa kwalbati. A cikin lakar da ta taru a wurin ga wasu 'yan tsirrai na wake, ba su da yawa, sun buɗe ganye. Ashe waɗanda suka fantsama gefe tun motocin farko ne, suka faɗa ƙasa mai laushi suka kwanta har ruwa ya same su. Inna ta san ganyen wakenta kamar yadda ta san fuskokinmu. Ta saro ƙaya ta kewaye wurin saboda awaki. Ita da ba ta son ko warin titi, sai ga ta ta mai da bakin kwalbati wurin zamanta, tana cire ciyawa da ledojin da matafiya ke jefowa. Baffa kuwa ya sami sabon abin faɗa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsai da shi: "Ka gani? Titi ya sussuke mata, ya kuma shibka mata. Da na biye ta tata, ina za ta ga wanga?"

Waken ya yi yaɗo, ya yi fure, ya fara sakin ƙananan kwanso kore shar. Daidai lokacin ne masu gyaran hanya suka iso yankinmu daga wajen Bunguɗu, suna kankare gefen titi da katafila don a faɗaɗa. Baffa ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya bar benci ya koma bin su, yana kai musu ruwa ba su tambaya ba, yana gaya musu sunayen garuruwan da ke gaba kamar ba da taswira suka zo ba. Har ya tsinci wata yagaggiyar riga mai ƙyalli da suka yar, ya ɗora a kan babbar rigarsa.

Inna ta sake zuwa ta durƙusa masa, ina tsaye a bayanta. Ta ce, "Malam, tunda kun saba da mutanen ga, ka roƙa min su. Ɗan wurin ga kaɗai za su tsallake, kwana kaɗan ya rage ya ƙosa. In na ɗebi iri su zo su kwashe har ƙasar."

Baffa ya bugi ƙirji. "Wannan ai ƙaramin abu na. Babbansu ba ya ƙetare maganata. Kwanta ki yi barci."

Na ce wa Inna mu je da kanmu mu sami mai tuƙin, ko ta tone su ta mayar gayauna. Ta ce wake mai 'ya'ya ba ya dasuwa, kuma ba za ta tsallake maigida ta je tana magana da baƙin maza a titi ba, tunda ya ce ya ɗauka. Na bi ta tata, amma raina bai ba ni ba, don na san cika-bakin Baffa tun ina goye.

Washegari da hantsi muka ji rurin katafila. Muka fito zaure ni da Inna. Ga ta nan tafe tana ture ƙasa da ciyawa, mai tuƙin yana can sama da tabarau, bai san da wani Baffa a duniya ba. Baffa yana gabanta da rigarsa mai ƙyalli yana ja da baya yana yi mata alama da hannu biyu. Da suka zo dab da kwalbati na ga ya ɗaga hannu, na ce alhamdulillahi, yau dai zai yi abin kai. Sai na ga ya ruga ya kama ƙayar da Inna ta kewaye wurin da ita, ya ja ta gefe da sauri har tana yagar masa hannu, ya juyo yana yi wa mai tuƙi nuni cewa hanya ta buɗe. Katafila ta wuce sau ɗaya. Inda waken yake ya koma jar ƙasa sumul.

Daga baya da matarsa ta tambaye shi, cewa ya yi ya ji tsoron kada ƙaya ta huda tayar gwamnati a ce daga gidansa ne. Maganar roƙo kuwa, wai ya duba ya ga babban nasu yana da aiki da yawa a ranar.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta koma ciki ta ɗauko tulun nan ta wanke shi tas, ta kife a bayan ɗaki. Ni ce na yi ta zage-zage a madafa ina buga tukwane har ta ce in rufa mata asiri. Da yamma na ɗaura mayafi zan koma Gusau, ta rako ni har bakin titi. Baffa ya riga ya koma bencinsa yana ba wasu labarin yadda ya taimaka aka gyara hanya. Mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai Inna ta riƙo gefen mayafina. Ta yi ƙasa da murya don kada matan maƙwabta su ji, ta ce, "In za ki komo, ki sawo min kanwa."